Dattijo da Gandun Daji: Shirin da Ake Yi Kafin a Bar Minna

Yawon kallon namun daji a mazauninsu, wanda masu harkar buɗe ido suke kira safari, ya daɗe ana danganta shi da Turawa da ɗaliban makaranta, amma babu abin da ya hana shi shiga lissafin iyali a birni irin Minna, musamman inda ma'aikaci ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai shekara 60 da haihuwa ya ajiye aiki, 'ya'yansa kuma suka kawo ƙarfi suka ga ya dace su fitar da shi ya ga giwa da ɓauna da idonsa. Tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin iyali a irin wannan lokaci ita ce ta zaki da sauran namun dawa masu haɗari, alhali kuwa abubuwan da suka fi kayar da mai yawan shekaru a irin wannan tafiya su ne zafin rana, da doguwar hanya, da cizon sauro, da magungunan da shi kansa yake sha kullum, sai kuma nisan da ke tsakaninsa da asibiti a lokacin da jiki ya ƙi. Kusan dukkan waɗannan ana iya rage kaifinsu tun mutum yana gida, kuma wanda bai yi hakan ba da wuya ya sami damar gyarawa bayan ya shiga daji.

Jihar Neja tana da nata gandun, kuma ba ƙarami ba ne. Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, ya haura murabba'in kilomita 5,300, hedikwatarsa kuma tana Sabuwar Bussa, garin da aka gina wa mutanen tsohuwar Bussa sa'ad da ruwan madatsar Kainji ya cinye garinsu a 1968. Sashen Borgu, wanda shi ne mafi girma, ya miƙa har cikin Jihar Kwara, ya kuma kusanci iyakar Jamhuriyar Benin, kuma a bakin kogin Oli da ya ratsa shi ne aka yi masaukin baƙi inda masu ziyara suka saba kwana su fita kallon dorina da gwanki da kanki da mariya da bika. A ƙa'ida, wannan ne wurin da mutumin Minna ya kamata ya fara tunawa, domin ta Bida da Mokwa ana isa Sabuwar Bussa ba tare da an bar jihar ba.

Sai dai maganar tsaro ta sauya wannan lissafi. Tun wajen 2020 ake samun rahotannin cewa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun sami mafaka a cikin dajin, an kuma sha kai hare-hare da sace mutane a ƙauyukan da ke kewaye da shi a ƙasar Borgu, yayin da ɗaya hanyar da ke bi ta Zungeru da Tegina ta ratsa yankin da aka sace ɗaliban Kagara a watan Fabrairu na 2021 da na Islamiyyar Tegina a watan Mayu na wannan shekara. Wannan matsala ba ta Kainji kaɗai ba ce, domin gandun Kamuku da ke Birnin Gwari ya daɗe da fita daga hannun masu yawon buɗe ido, a Jamhuriyar Nijar kuma an kashe mutum takwas, Faransawa shida da 'yan ƙasa biyu, a dajin raƙuman dawa na Kure da ke kusa da Yamai a ranar 9 ga Agusta 2020. Saurayi yana iya ruɗar kansa da cewa zai gudu idan abu ya ɓaci, amma dattijon da ke shan maganin hawan jini safe da yamma ba ya da wannan zaɓi, kuma kwana uku a hannun masu garkuwa ba tare da magani ba sun isa su yi masa abin da bindiga ba ta yi ba. Saboda haka bai kamata a kai tsoho Kainji ba sai an ji daga bakin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa da jami'an tsaro cewa an buɗe wurin ga baƙi kuma hanya ta yi lafiya a wannan makon da ake magana, ba a bara ba. Idan kuwa amsar ta zo da inda-inda, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan ne ya sa hankali ya fi karkata ga Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar a 2006, kuma shi ma ana tambayar halin da yake ciki kafin a kama hanya. Girmansa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,240, yana kuma da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Nijeriya. Daga Minna zuwa can tafiya ce ta yini guda cur ta Suleja da Abuja da Akwanga da Jos da Bauchi, sannan daga garin Bauchi akwai sama da kilomita 100 kafin a kai masaukin Wikki da ke tsakiyar dajin. Haɗarin mota shi ne babban abin tsoro a wannan zango, kuma maganinsa sananne ne, wato mota mai lafiya, da direban da ya yi barci, da ɗaura bel, da ƙin tafiyar dare. Abin da ba a cika sani ba shi ne illar dogon zama, domin idan mutum ya wuce awa huɗu ƙafafunsa a naɗe, jini yana iya daskarewa a cikin jijiyar sharaɓarsa, gudan jinin kuma yana iya ɓallewa ya toshe hanyar huhu, haɗarin da ke ƙaruwa da shekaru da ƙiba da kuma tiyatar da aka yi ba da daɗewa ba. Raba tafiyar gida biyu, a kwana a Jos ko Bauchi, da tsayawa kowane awa biyu a ɗan taka ƙasa, sun fi duk wata dabara. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi ko sarƙewar numfashi kwatsam kuwa maganar asibiti ce nan take.

Shirin gaskiya yana farawa ne a ɗakin likita, mako huɗu zuwa shida kafin ranar tashi, ko a Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ko dai wurin likitan da ya saba duba mutum ya kuma san fayil ɗinsa. Mutanen wannan ƙasa sun riga sun san tsarin, domin babu maniyyacin da ke tafiya aikin Hajji ba tare da an auna jininsa an duba sugansa an yi masa allurai ba, kuma tafiyar daji ta cancanci irin wannan tantancewa, tun da can babu tawagar likitoci da ke bin ayari. Abin da ake so likita ya sani shi ne ainihin inda za a je, da watan da za a je, da tsawon zaman mota, da dukkan abin da mutum ke sha, har da jiƙo da tsimi da garin magani na gargajiya waɗanda tsofaffi da yawa ba sa lissafa su a cikin magunguna. Wanda bai daɗe da yin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, ko wanda numfashinsa ke gazawa idan ya hau bene hawa ɗaya, ko mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, ya kamata ya karɓi shawarar ɗage tafiya ba tare da jin an raina shi ba.

A wannan zama ne ake warware batun shawara, cutar da wani nau'in sauro mai cizo da rana yake ɗaukowa daga birai zuwa mutane, wadda ke farawa da zazzaɓi da ciwon jiki, a wasu mutane kuma ta kai ga ido ya yi rawaya, jini ya riƙa fita, hanta da ƙoda su gaza. Cutar ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017 daga Jihar Kwara, kuma a watannin Agusta da Satumba na 2019 hukumomin lafiya sun tabbatar da ɓarkewarta a yankin Alkaleri, inda aka gano cewa wasu daga cikin waɗanda suka kamu, har da ɗaliban wata kwalejin ilimi daga Jihar Borno da suka rasa rayukansu, sun ziyarci Yankari ne kafin su kwanta. Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, amma allurar rigakafinta guda ɗaya tana kare mutum har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina buƙatar a sabunta katin shaida duk shekara goma. Sharaɗin kawai shi ne a yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya.

Ga mai yawan shekaru akwai wani ƙulli a nan wanda ya kamata a faɗe shi a fili. Allurar tana ɗauke da ƙwayar cutar ce da aka raunana, kuma ko da yake mummunar illa daga gare ta abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, an fi ganin ta a wurin waɗanda suka haura shekara 60 kuma suke karɓar allurar karo na farko, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni saboda ciwon daji ko magungunan da ke danne garkuwa. Wanda aka taɓa yi masa a baya, ko a lokacin wata tafiya ko a gangamin rigakafi na jama'a, ba ya buƙatar sakewa, don haka ya dace a binciko tsohon katin a cikin akwati. Wanda ba a taɓa yi masa ba kuwa, likita ne zai auna masa haɗarin allurar da haɗarin dajin da zai shiga, kuma idan hukuncin ya zama kada a yi, to ma'anarsa kada a shiga dajin da cutar ke yawo. Mafi munin zaɓi shi ne sayen katin bogi, wanda yana iya wucewa a gaban jami'in filin jirgi amma ba ya hana sauro komai. Wani lokaci ma ko jami'in ba ya wucewa, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2012 sa'ad da Afirka ta Kudu ta maido da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgi bisa zargin katunansu ba na gaskiya ba ne.

Zafi shi ne batun da ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda lokacin da ya fi kyau a ga dabbobi shi ne kuma lokacin da ya fi wahalar da jikin tsoho. Da damina ciyawa tana rufe komai, hanyoyin cikin daji suna caɓewa, namun kuma suna warwatsuwa tun da ko'ina akwai ruwa. Sai rani ya yi nisa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, sannan suke taruwa a bakin kogin Gaji a Yankari ko kogin Oli a Kainji inda ake ganin su cikin sauƙi. A waɗannan watanni zafi yana kaiwa digiri 40 da tsakar rana, kuma mutumin Minna yana iya cewa ai ya saba, tun da garinsu ma haka yake a bazara. Amma sabon da ya yi na zaman inuwa ne, kusa da randa da fanka, ba na awa uku a buɗaɗɗiyar mota tana gargada ba. Da ƙaruwar shekaru jin ƙishirwa yana dusashewa, ta yadda jiki zai rasa ruwa mai yawa kafin maƙogwaro ya sanar, gumi yana raguwa, ƙoda kuma ba ta iya tattalin ruwa kamar dā. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara wa lamarin nauyi, musamman waɗanda ke sa yawan fitsari da waɗanda ke rage gudun bugun zuciya, domin na farkon suna zubar da ruwan da ake buƙata, na biyun kuma suna hana zuciya ƙara aiki don sanyaya jiki. Ba a daina shan su da ka, amma ana tambayar likita yadda za a yi da su a ranakun zafi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da duk wanda ya yi doguwar tafiya da tsofaffi ya san ta, wato rage shan ruwa da gangan tun da asuba, ko don kada alwala ta karye, ko don kunyar tsayar da mota a gaban surukai da jikoki, abin da ya fi yawa ga dattawan da fitsari ke matsa musu akai-akai da kuma iyaye mata. A cikin gandun daji, inda ba a sauka daga mota sai wurin da ɗan jagora ya yarda, wannan ɗabi'a tana ƙaruwa, kuma ita ce hanya mafi sauri zuwa jiri da faɗuwa. Gyaranta yana hannun masu rakiya, su tambayi ɗan jagora tun kafin a tashi inda ake tsayawa, su zaɓi fitar sassafe da ta la'asar su bar tsakar rana ga hutu, su kuma riƙa miƙa gorar ruwa ba tare da jiran a nema ba. Launin fitsari ma'auni ne da ba ya buƙatar na'ura, domin idan ya yi duhu ya kuma ragu, ruwa ya yi kaɗan. Mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ƙayyade masa ruwan da zai sha shi ne kaɗai ke bin adadin da likita ya rubuta. Idan tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, rangwamen da addini ya yi wa matafiyi da mara lafiya sananne ne, ko da yake mafi sauƙi shi ne a ɗage yawon zuwa bayan salla.

Alamomin da ke nuna zafi ya fara cin mutum su ne kasala, da ciwon kai, da tashin zuciya, da ɗaurewar tsoka, kuma a wannan mataki inuwa da ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukan wadatar. Amma idan magana ta fara rikicewa, mutum ya daina gane inda yake, jikinsa ya yi zafi rau, to an shiga matakin da ke kisa, kuma abin yi shi ne a kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da sanyaya shi, ba tare da ɗura masa ruwa a baki ba idan hankalinsa ya gushe. Watannin Disamba da Janairu sun fi sauƙi ta wannan fuska, kuma su ne suka fi dacewa da tsoho ko da zai ga dabbobi kaɗan, sai dai hunturu yana zuwa da ƙurar da ke tayar da asma da sanyin asuba da ke buƙatar rigar sanyi.

Magunguna suna tafiya ne a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, da ƙarin na mako guda a kan kwanakin da aka tsara, tare da takardar likita mai ɗauke da sunayensu, wadda take zama dole idan za a tsallaka iyaka da magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da ƙasashe da yawa suke sa wa ido. Insulin, allurar da wasu masu ciwon suga suke dogara da ita, tana lalacewa idan ta sha zafi, don haka ba a barin ta a aljihun gaban mota, ana ajiye ta ne a cikin kula mai sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙara kai tsaye ba. Fitar asuba tana rikita lokacin karin kumallo, kuma wanda ya sha maganin suga bai ci komai ba yana iya samun kansa yana rawar jiki da gumi a tsakiyar daji. 'Yan ƙwayoyin dabino ko sukari a aljihu suna warware wannan cikin mintuna.

Zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne ga mutumin Neja, kuma wannan sabo ne yake sa a yi sakaci da gidan sauro da man shafawa mai korar ƙwari da riga mai dogon hannu da almuru. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'yan uwa da suka daɗe a Ingila ko Amurka suka dawo hutu, domin 'yar garkuwar da zama a ƙasar sauro ke bayarwa tana gushewa bayan an jima ba a nan, kuma su suna buƙatar ƙwayoyin rigakafi da likita zai zaɓa, la'akari da cewa wasu daga cikin ƙwayoyin ba sa jituwa da maganin tsinka jini. Ƙudan tsando, wanda makiyaya suka sani da sa wa shanu sammore, yana nan a dazuzzukan bakin rafi, cizonsa yana da zafi, yana kuma bin tufafi baƙaƙe da masu shuɗi mai duhu, shi ya sa ake son kaya masu launin ƙasa. A wasu gandayen dajin Tanzaniya da Zambiya da Malawi yana ɗauke da nau'in ciwon barci mai saurin kwantar da mutum, wanda jefi-jefi yake kama masu ziyara.

Ruwan daji yana da nasa sharuɗɗan. Tafkuna da koguna masu kwanciya, har da tafkin Kainji, suna iya ɗauke da tsargiya, cutar da tsutsarta ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata ta kuma haifar da fitsarin jini, ga kuma kada da dorina, wadda duk da kamanninta na rago tana cikin dabbobin da suka fi kashe mutane a Afirka. Saboda haka ba a sauka bakin ruwa don alwala ko wanke ƙafa, ana riƙe buta a mota. Wanda zai hau kwalekwale ya sa rigar kariya ko da ya iya iyo a ƙuruciyarsa, domin jama'ar wannan yanki ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 da mutane masu ɗimbin yawa ba.

Su kansu dabbobin, ƙa'idarsu gajera ce: a zauna cikin mota, a yi shiru, a bi umarnin jami'in gandu, kada a ba kowace dabba abinci. Giwa mai ɗa da ɓaunar da ta ware daga garke su ne abin kiyayewa, kuma ko bin ƙa'ida ba ya kawar da haɗari gaba ɗaya, domin a watan Maris na 2024 wani toron giwa ya kifar da motar masu yawon buɗe ido a gandun Kafue na Zambiya, wata Ba'amurkiya mai shekara kusan 80 ta rasu. Yawon ƙafa cikin daji, wanda wasu gandaye suke tallatawa, bai dace da wanda ba ya iya sauri ko kunnensa ya yi nauyi ba. A masaukin Wikki abin da ya fi damun baƙi shi ne bika, waɗanda suka ƙware wajen fizge leda daga hannu da kutsawa ɗakin da aka bari a buɗe, kuma ba a kokawa da su a kan kaya. Wanda suka ciza ko suka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti goma sha biyar, sannan ya nemi asibiti saboda ciwon haukan kare. Faɗuwa ta fi duk waɗannan yawa. Hawa da sauka daga doguwar mota, da matakalar da ke gangarawa zuwa maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke zama a kan digiri 31 dare da rana, da santsin duwatsu irin na bakin ruwan Gurara ga wanda ya tsaya can a hanyar Suleja, kowannensu yana iya jawo karayar ƙugu, wadda ga tsoho takan zama mafarin doguwar jinya. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa ya fi silifa, sanda ba abin kunya ba ce, kujerar gaba ta fi ta baya sauƙin gargada, sannan tocila tana kwana kusa da matashi saboda fitar dare.

Tocilar da takalmin su ne kuma rigakafin maciji. Kububuwa, wadda ta yi yawa a ƙasashen Bauchi da Gwambe har aka keɓe wa saranta asibiti a Kaltungo, dafinta yana hana jini daskarewa, abin da ya fi muni ga wanda dā ma yake shan maganin tsinka jini. Ɗaure ƙafa tamau da igiya, da tsaga wurin da reza, da tsotsa, da tsayawa neman mai magani, duk suna ƙara ɓarna ne ko cin lokaci. Abin da ke ceto shi ne a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa inda ake da allurar kashe dafi, kuma tun ranar isowa ake tambayar inda take.

Masu hali da suka zaɓi Masai Mara a Kenya, ko Serengeti a Tanzaniya, ko Kruger a Afirka ta Kudu za su sami tsari mafi inganci, amma da nasa sababbin sharuɗɗa. Nairobi tana bisa tudu da ya kai kimanin mita 1,700 daga teku, bakin ramin Ngorongoro kuma ya haura mita 2,200, tsayin da mai ciwon zuciya ko huhu da ya fito daga ƙasa mai kwari irin Minna zai ji a ƙirjinsa, ga sanyin asuba da ya wuce na hunturu. Inshorar lafiya ta gida ba ta bin mutum ƙetare, don haka ana sayen ta tafiya, wadda ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgi, irin aikin da likitocin sama na AMREF suke yi daga Nairobi. A karanta sharuɗɗan da kyau, domin kamfanoni da yawa suna da iyakar shekaru, kuma ɓoye tsohon ciwo a lokacin cike takarda yana ba su hujjar ƙin biya.

Duk wannan shiri yana iya rushewa a kan abu ɗaya, wato halin dattijon Bahaushe na ƙin nuna gazawa a gaban na baya. Idan ɗa ya ce, “Baba, ko a tsaya ka ɗan huta?” amsar da aka saba ji ita ce, “A'a, mu je dai, ba komai,” kuma uwa ma haka za ta ce don kada ta ɓata wa yara kuɗin da suka kashe. Mai rakiya nagari ba ya dogara da amsar, yana duban fuska da tafiya da magana, ya kuma san alamomin da ba a jira da su: karkacewar baki, da mutuwar hannu ɗaya, da sarƙewar harshe, waɗanda ke nuna shanyewar ɓarin jiki, ko nauyi a ƙirji mai bin hannu ko muƙamuƙi tare da gumi. A irin wannan hali awannin farko su ne komai, kuma daga Wikki zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi tafiya ce ta wajen awa biyu, ga shi layin waya ba ya kamawa ko'ina a daji. Dole ne mota ta kwana da mai, direba ya kwana kusa, takardar da ke ɗauke da ciwon mutum da magungunansa da lambar wani na gida kuma ta kasance a aljihunsa.

Dawowa gida ba ta rufe littafin ba. Zazzaɓin da ya taso cikin makonnin da suka biyo baya, ko ido ya yi rawaya, ko wani ƙurji mai zafi a inda ƙuda ya ciza, ko jini a fitsari ko da bayan watanni ne, ba abin da za a kai wa mai kemis a kan a haɗo magani ba ne. Iyalin da suka kai tsohonsu daji su kai shi asibiti a ranar da alamar ta bayyana, kuma kafin likita ya tambaya su gaya masa sunan dajin da aka je da ranar da aka baro shi.